Baƙo mai dafa giya da ya zama ɗan majalisar jiha a Amurka: me ya buɗe masa ƙofa?

Na-Tudun-Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu ilimin tarihi da na shari'a a cikinmu, kuma a yi mini uzuri in ta yi tsawo.

Akwai wani Bajamushe mai suna Leopold Schmidt da aka ce ya shiga Amurka yana saurayi, ba uwa ba uba a ƙasar, ya kafa gidan dafa giya a wani garin masu haƙar ma'adinai, daga baya mutanen wurin suka zaɓe shi ya je aka rubuta kundin tsarin mulkin jiharsu da shi, suka kuma tura shi majalisar dokoki. Ɗan yayata da ke karatu a jihar Washinton ne ya fara yi mini zancensa. Ya turo mini hoton wani dogon gini na jan bulo a bakin kogi, ya ce mutumin ne ya gina shi, kuma ruwa ne ya kai shi wurin. Da na ji an ambaci ruwa sai na kasa kunne, domin da ruwa nake ci da iyalina.

Ina da ƙaramar masana'antar ruwan leda a nan Tudun Wada. Burtsatse biyu ne, da injin tacewa, da injin liƙe leda, da samari masu loda jakunkuna a a-kori-kura suna kaiwa shaguna har Kongo da Gyallesu. A jikin katanga ta waje na sa famfo, kowa ya ɗiba kyauta daga bayan sallar Asuba zuwa hantsi. Idan bazara ta yi, rijiyoyin unguwa suka ƙafe, tun dare ake jera jarkoki, kowace mace ta ɗaura wa tata tsumma mai launi a hannu don kada a musanya, 'yan ga-ruwa kuma su tsaya da kurarsu a ƙarshen layi sai mata da yara sun gama. Ban fara wannan don siyasa ba, Allah ne shaida. Amma saboda shi ne wasu dattawan unguwa suka same ni a gida suka ce in fito takarar majalisar jiha.

Maganar ba ta kwana biyu ba sai ga wata ta biyo bayanta: ai Bayarabe ne. Wani ma a wurin ɗaurin aure ya ce, yadda zan ji, baƙo raɓa ne. Gaskiya ne kakana daga Offa ya zo da aikin reluwe, ya zauna a Sabon Gari. A nan aka haifi mahaifina. Mahaifiyata Bazazzagiya ce daga cikin birni. Ni da Hausa na buɗi baki, a makarantar allon unguwarmu na yi sauka, iyayena duka a ƙasar Zariya suke kwance. Lokacin da 'yata ta je neman takardar indijin don shiga jami'a, a wani ofis aka ce mata ta tafi garin kakan babanta, garin da ba ta taɓa kwana a cikinsa ba. Ta dawo gida tana kuka, ni kuma na rasa abin da zan ce mata.

Shi ya sa labarin Bajamushen nan ya tsaya mini a rai. Da gaske ne an yi haka? In gaskiya ne, me ya buɗe masa ƙofa, alhali ko harshen ƙasar koyo ya yi da girmansa? Sannan ina so masu sani su gaya mini ko ya dace Musulmi ya tsaya nazarin rayuwar mai sana'ar da muka san hukuncinta.

Tsohon Malamin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗanka bai ƙara gishiri ba, haka aka yi.

An haifi Leopold Schmidt a 1846 a wani ƙauye da ake kira Dornassenheim, a yankin Hesse. A lokacin babu ma Jamus guda dunƙulalliya, sai a 1871 aka haɗe masarautunta. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, ta nan ya isa Amurka a tsakiyar shekarun 1860, ya kama kafinta, ya bi sahun masu nausawa yamma har ya kai Montana. Ba shi kaɗai ba ne a hanyar. Jamusawa wajen miliyan 5 ne suka ƙaura Amurka a ƙarni na 19, a shekarar 1882 kaɗai wajen 250,000 suka shiga.

Garin da ya yada zango shi ne Butte. Tudu ne da aka fara samun zinariya a kusa da shi, sannan azurfa, sannan jan ƙarfe, daidai lokacin da duniya ta fara neman jan ƙarfe ido rufe saboda wayar lantarki da ta tangarahu. Ma'aikata suka yi ta kwarara daga Ailan, daga Cornwall ta Ingila, daga Finland, Italiya, har da Sin. Shi kansa Marcus Daly, mai babbar mahaƙar Anaconda, daga Ailan ya zo yana matashi. A 1876, shekarar da Amurka ta cika 100 da samun 'yanci, Schmidt ya buɗe masana'antarsa ta Centennial a wannan gari.

Ga abin da na fi so ka riƙe, Alhaji, tunda kai ma mai injin ne. Mutumin nan kafinta ne, ba gadon sana'ar ya yi ba. Bayan harka ta fara tafiya, kuɗi sun fara shigowa, sai ya tattara ya koma Jamus ya shiga makarantar koyon sana'ar a birnin Worms, ya zauna a aji. A wannan tafiyar ya auri Johanna Steiner, suka dawo Butte tare. Irin giyar da Jamusawa suka kai Amurka ba ta yiwuwa sai da sanyi: makonni take yi a gangunan katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka cika da ƙanƙara, kuma ƙazanta kaɗan ta isa ta ɓata ɗaki guda. Wanda bai san abin da yake yi ba, asara ce za ta koya masa.

To me ya buɗe masa ƙofar siyasa? Da farko doka. Baturen da ya shekara 5 a Amurka yana iya zama ɗan ƙasa. Jihar Wisconsin ma, tun a kundinta na 1848, ta bar baƙon da ya je kotu ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa ya jefa ƙuri'a tun kafin ya sami takardar, kuma wasu yankunan yamma sun bi wannan hanya don su jawo mutane. Sannan shi kansa garin. A Butte ba wanda zai bugi ƙirji ya ce kakansa ne ya sari dajin. Wanda ya shekara goma sha a wurin, shi ne tsohon gari.

Amma sana'ar ita ce babbar hanya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mai dafa giya a irin wannan gari shi ke sayen sha'ir a hannun manoma, shi ke ba masu keken doki dako, da masu haɗa ganga, da masu sassaƙo ƙanƙara a lokacin hunturu. Da yawa daga masu mashaya da bashin masu dafa giya suke buɗe shago. Mashayar kuwa a wancan zamani nan ma'aikaci yake cin abincin rana, nan yake jin inda ake ɗaukar aiki, nan ake taron ƙungiya da na jam'iyya. Wanda ke riƙe da mashayu yana riƙe da kunnen masu ƙuri'a. Kuma masu sana'ar sun daɗe da gane cewa abincinsu a hannun 'yan majalisa yake. Jihar Maine ta haramta giya a 1851. A Shikago, a 1855, magajin gari ya ɗaga kuɗin lasisin mashaya daga dala 50 zuwa 300, ya matsa a rufe ranar Lahadi, Jamusawa suka fito aka yi arangama da 'yan sanda. A 1862 gwamnatin tarayya ta sa harajin dala 1 a kan kowace ganga don kuɗin yaƙin basasa, a shekarar kuma masu dafa giya suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda a farkonta da Jamusanci ake gudanar da taronta. Saboda haka shigar irin su Schmidt majalisa ba son jama'a kaɗai ba ne, har da tsaron tukunya.

A 1889 aka zaɓe shi cikin wakilai 75 da suka taru a Helena daga 4 ga Yuli don rubuta kundin tsarin mulki, ƙarƙashin shugabancin attajirin jan ƙarfe William A. Clark. Montana ta zama jiha ranar 8 ga Nuwamba, Schmidt kuma ya shiga majalisar wakilanta daga gundumar Silver Bow, inda Butte take. Majalisar farkon nan ba abin alfahari ba ce. An yi rigima a kan ƙuri'un rumfa guda, rumfa ta 34 a gundumar tasa, rigimar ta shafi kujeru 5, kuma da su ne za a san mai rinjaye. Sai majalisar wakilai ta rabu biyu, 'yan Rifablikan suna zama a wani gini, 'yan Dimokurat a wani, kowane ɓangare da kakakinsa. A majalisar dattawa ana 8 da 8, har wasu 'yan Dimokurat suka tsere daga jihar don kada adadin zama ya cika. Kowane ɓangare ya zaɓi sanatocinsa biyu ya tura babban birnin tarayya, can aka karɓi na Rifablikan, Wilbur Sanders da Thomas Power. Kwana 90 aka yi ba a kafa doka ko ɗaya ba.

Sai kuma abin da bai kamata mu tsallake ba. Ƙofar nan ba kowa aka buɗe wa ba. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda aka tarar, an tura su keɓaɓɓun wurare, kuma sai a 1924 doka ta ba su duka zama 'yan ƙasa. 'Yan Sin da ke wanki da dafa abinci a Butte, dokar 1882 ta hana su zama 'yan ƙasa ko da sun shekara nawa. Mata ba su da ƙuri'a. Baƙuncin Schmidt ya wanke da sauri ne saboda Bature ne fari, namiji, mai dukiya.

Ɗalibin Zaure ya rubuta:

Allah ya saka wa Malam da alheri. Baba Alhaji, ni ƙarami ne a cikinku, amma tunda kun nemi a yi magana a kan ɓangaren addini, ga abin da aka karantar da mu.

Hukuncin giya ba ɓoyayye ba ne. A hankali aka saukar da shi, daga Baƙara zuwa Nisa'i, har aya ta 90 a Ma'ida ta rufe maganar. Kuma hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsa ta, da mai ɗaukar ta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Karanta tarihin mutumin ba laifi ba ne, Alƙur'ani ma ya ba mu labarin Ƙaruna. Abin da nake tsoro shi ne a mai da shi gwarzo.

Ku duba abin da Malam ya faɗa da bakinsa: da bashin mashaya aka riƙe masu ƙuri'a. Ma'aikaci ya kwana a rami yana shaƙar ƙura, ya fito da albashinsa, ya bar rabinsa a kan teburin mai mashaya, matarsa na gida tana jira. Da wannan kuɗin aka gina jan bulon da ke cikin hoton. In haka ne, kujerar da ya hau ba shaidar adalcin Amurka ba ce, shaidar ƙarfin kuɗi ce.

Kuma Baba, da girmamawa, akwai abin da ya shafe ku a ciki. Ranar da kuka manna fosta, famfon nan na jikin katanga zai canza a idon mutane, wataƙila har a zuciyarku. Matar da ta ɗaura tsumma a jarkarta za ta fara tunanin ko sai ta nuna katin zaɓe. Sadakar ruwa tana cikin mafi falalar sadaka, ina ji muku tsoron kada siyasa ta cinye ladan.

Na-Tudun-Wada ya rubuta:

Malam, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zancen komawarsa makaranta ya taɓa ni. Mu a sana'armu da yawa sai mutum ya sayi inji ya kira yaro ya nuna masa maɓalli, shi ke nan. Ba a san lokacin canza matata ba sai ruwa ya fara wari, ba a kai samfur ɗakin gwaji sai ranar da masu duba lasisi za su zo.

Ɗana Ɗalibin Zaure, maganarka ta shiga, kuma ban ji haushinta ba. Na kwana ina juya ta. Ba na neman in zama Schmidt, kuma ko kwabo na kuɗin giya ba na sha'awa. Famfo kuwa na riga na gaya wa dattawan da suka zo: ko na fito ko ban fito ba, ba za a manna hoton kowa a katangar nan ba, nawa ko na wani. Amma ka dubi ɗaya gefen. Famfo ɗaya layi ɗaya yake shayarwa. Bututun da zai kai ruwa unguwa guda, a kasafin kuɗin jiha ake sa shi, kuma a majalisa ake amincewa da kasafin. Na san zurfin da ake samun ruwa a unguwanninmu, na san inda dutse yake hana haƙa, na san kuɗin da gida mai mutum goma yake kashewa a ga-ruwa a wata. In duk wanda ya san irin wannan ya zauna gida don tsoron ladansa, wa zai faɗa a can?

Abin da ke ci mini rai ba kujerar ba ce. Shi ne a ce ba ni da bakin neman ta. A kayar da ni don an fi ni cancanta, zan je in yi wa wanda ya ci murna. A ce kada in tsaya don kakana ya sauka daga jirgin ƙasa, wannan ne na kasa haɗiyewa.

Malam, ba ku gaya mana zancen ruwan ba, da yadda ya ƙare.

Tsohon Malamin Tarihi ya rubuta:

Ɗalibin Zaure ya faɗi gaskiya, kuma ba Musulmi kaɗai suka ga abin da ya gani ba. Matan Amurka da limaman cocinsu sun gani, su ne ma suka kawo ƙarshen sana'ar mutumin.

Zancen ruwa ga yadda yake. A 1894 aka yi ƙuri'a a kan garin da zai zama babban birnin Montana, Clark yana goyon Helena, Daly yana goyon Anaconda, aka zubar da kuɗi ba na wasa ba, Helena ta ci da ƙyar. Sai maganar gina majalisa ta taso. A kan wannan hidima ta duba gine-ginen majalisu Schmidt ya je Olympia, babban birnin jihar Washinton. Ana ba da labari cewa a shagon aski ya ji ana zancen wasu idanun ruwa a Tumwater, kusa da inda kogin Deschutes yake zubowa daga kan duwatsu, ruwan da ke ɓulɓulowa daga ƙasa da ƙarfinsa ba tare da an ja shi ba. Ya je ya ɗanɗana. Bai tsaya ga harshensa ba, ya ɗebi samfur ya aika ɗakin gwaji, sai da sakamako ya dawo sannan ya sayi filin, wanda a da majema ce, a 1895. A 1896 masana'antar ta fara aiki da sunan Capital, a 1902 aka mai da ita Olympia, takenta na talla kuma bai wuce cewa sirrin ruwan ne ba. Ginin da ɗanka ya turo maka a 1906 aka gama shi. Yana da shekara 50 a duniya ya bar garin da ya yi suna, ya bar siyasarsa, ya sake zama baƙo a wani wuri saboda ruwa. Daga nan ya faɗaɗa har Bellingham da Salem da San Francisco.

A ɗaya gefen kuma masu yaƙi da giya suna ta shiri. An kafa babbar ƙungiyarsu ta yaƙi da mashayu a Ohio a 1893, kuma ba wa'azi kaɗai ta tsaya yi ba, ta koyi lissafin ƙuri'a: duk ɗan takarar da ya yarda da su, ko daga wace jam'iyya, su mara masa baya. Matan jihar Washinton sun sami 'yancin zaɓe a 1910. Harajin giya da barasa, wanda a da yake kawo wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ya rage nauyi bayan an halatta harajin kuɗin shiga a 1913. Schmidt ya rasu a Satumban 1914 a Bellingham. A Nuwamban shekarar jama'ar Washinton suka jefa ƙuri'ar haramta giya, dokar ta fara aiki 1 ga Janairu 1916. Akwatin zaɓen da ya ɗaga shi a Montana, irinsa ne ya yanke hukuncin rufe masana'antarsa a Washinton, makonni kaɗan bayan an binne shi.

Yaƙin duniya na farko ya ƙara dagula wa Jamusawan Amurka lissafi. Aka daina koyar da Jamusanci a makarantu da yawa, jaridunsu suka yi ta mutuwa, masu yaƙi da giya kuma suka riƙa nuna sunayen manyan masu dafa giya su Pabst da Schlitz da Busch suna cewa abokan gaba ne a cikin gida. Mutanen da aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu a ƙasar, rana ɗaya aka tuna musu inda suka fito. Saboda haka Alhaji, abin da ya same ka a wurin ɗaurin aure ya sami waɗanda suka fi Schmidt kuɗi. Haramcin giya ya game ƙasa duka daga 1920 zuwa 1933.

'Ya'yansa, ƙarƙashin babbansu Peter, suka koma yin ruwan 'ya'yan itace da harkar otal, suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin Western Hotels a 1930, wanda daga baya ya zama Westin. Sun sake buɗe masana'antar a sabon gini a 1934, iyalin suka sayar a farkon shekarun 1980, aka rufe ta a 2003. Rijiyoyin da haƙƙin ɗibar ruwan kuwa garuruwa uku na yankin, Olympia da Tumwater da Lacey, suka karɓe su don ruwan jama'a.

Abu ɗaya zan ƙara game da mu. Zariya ba Butte ba ce, tsohon gari ne mai ganuwa da tarihi, kuma mutanensa suna da hakkin alfahari da hakan. Amma gidajen sarautar Zazzau huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kowanne ya san inda kakanninsa suka fito, ba ya kuma ɓoyewa. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, shi aka zaɓa magajin garin Inugu. Ba sai mun je Montana neman misali ba.

Barista 'Yar Kongo ta rubuta:

Baba, barka da ƙoƙari. Ni ɓangaren doka zan taɓa, don na ga kamar an bar ku da tunanin akwai dokar da ta tare ku. Babu.

Sashe na 106 na kundin 1999 shi ya lissafa sharuɗɗan shiga majalisar jiha: mutum ya zama ɗan Nijeriya, ya kai shekara 25 (a da 30 ne, aka rage a 2018), ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Ba a ambaci asali ba ko sau ɗaya. Sashe na 42 kuma ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa ko inda ya fito. Ku ɗan ƙasa ne ta haihuwa, ko kujerar gwamna kuka nema doka ba ta hana ba. Wanda kundinmu ya tsaurara wa shi ne irin Schmidt na gaske: sai ya shekara 15 a ƙasar kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, sannan sashe na 307 ya ce ya jira wasu 10 kafin ya riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi.

To daga ina zancen indijin ya shigo? Daga tsarin raba daidai na tarayya. Kundin ya ce a naɗa minista daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalinta, ya kuma danganta zama ɗan jiha da al'ummar da iyaye ko kakanni suka fito, amma bai faɗi wanda zai tantance ba, bai faɗi shekarun da za a ƙirga ba. Sai abin ya faɗa hannun ƙananan hukumomi da masu unguwanni, kowa da ma'auninsa. Shi ya sa ƙanwata ta dawo da kuka. Gwamnatin jihar Kaduna ta taɓa sanar da cewa ta daina bambanta ɗan asali da mazauni, ta fito da katin shaidar zama a jiha, amma fom ɗin shiga jami'a da na aikin tarayya har yanzu suna tambayar ƙaramar hukumar asali. Tunda kakarta ta wajen uba 'yar cikin birni ce, ku nemi wasiƙa daga mai unguwar gidan su Hajiya, a bi ta hannun hakimi. Na ga an dace ta wannan hanya.

Game da takara, inda za a tare ku ba a akwatin zaɓe ba ne, a zaɓen fitar da gwani ne. Matan da ke layin famfo ba su ne deliget ba. Kujerun majalisar jihar 34 ne, kuma kowace mazaɓa tana da 'yan tsirarun mutanen da ke yanke wanda zai sami tikiti tun kafin a buga fom. Kafin ku sayi fosta ko ɗaya, ku tabbatar sunanku yana cikin rajistar jam'iyya ta gundumarku, katin zaɓenku kuma na rumfar da ke cikin mazaɓar ne, ba na Sabon Gari ba in can kuka fara yin rajista. Sannan ku tambayi dattawan da suka zo gidanku, ɗaya bayan ɗaya, su wa a cikinsu suke da kujera a shugabancin jam'iyya na gunduma, kuma wa suka mara wa baya a zaɓen da ya wuce.